Kujera, Soket da Handawut: Yadda Ɗalibai Ke Karatu a Laburaren Wata Jami'a

Wannan nazari ya shafi babban laburaren wata jami'ar gwamnatin tarayya da ke Arewa maso Yamma, cikin zangon karatu guda, tun daga makon rajista har ranar da aka rubuta takardar ƙarshe. Da gangan na bar sunan jami'ar, domin abin da aka gani a can ba nata ba ne ita kaɗai. Tambayar da ta kai ni gajeriya ce: idan ɗalibi ya ajiye jakarsa a wurin masu tsaron ƙofa ya shige ciki, me yake yi da sa'o'in da yake ɓatarwa a can? Hukumar laburare na da rajistar masu shiga, tana da ta littattafan da aka ara, amma babu wadda ke amsa wannan a cikinsu.

Yadda aka bi

Sai da na nemi izinin shugaban sashen masu karatu kafin na fara. Hanyar kuwa zagaye ce: a bi ɗakunan karatu ɗaya bayan ɗaya a lokutan da aka tsayar, wato da hantsi, da bayan azahar, da bayan la'asar, da bayan isha'i, ana rubuta abin da ke kan tebur da abin da mai teburin yake yi. Ba a rubuta suna, ba a ɗaukar hoto. Wanda na ga abin tambaya a wurinsa, sai na jira shi a waje mu yi magana idan ya yarda. Masu ilimin laburare sun daɗe da wannan salo. A Jami'ar Rochester ta Amurka har ƙwararriyar ilimin halayyar al'umma, Nancy Fried Foster, aka ɗauka aiki a laburare don ta bi sawun ɗalibai, kuma rahotonsu na 2007 ya ba ma'aikatan mamaki, domin an gano ɗalibai da yawa iyayensu suke tuntuɓa a kan aikin rubutun da aka ba su.

Da farko zagayen ya so ya ɓata abin da ake son gani. Ina doso tebur sai wayoyi su nutse ƙarƙashin littafi, mai gyangyaɗi ya miƙe zaune. An ɗauka hukuma ce ta turo ni kamun masu laifi. Da aka saba da fuskata, kowa ya koma halinsa.

Wa aka gina wa wurin?

Manyan laburarorin jami'o'inmu an tsara su ne don wani irin ɗalibi da yanzu ya yi ƙaranci. Ɗauki Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wanda aka buɗe gininsa a 1976, aka sa masa sunan Gwamnan farar hula na ƙarshe na Jihar Arewa. An yi shi don ya zaunar da mutum kimanin 2,000 a lokaci guda, a zamanin da malami zai ba da jerin littattafai a farkon zango, ɗalibi ya je akwatin katalogi ya nemo lambar kowane, ya hau sama ya zaro shi a kanta. Tsarin ginin da na yi nazari a cikinsa ke nan shi ma: kantoci a tsakiya, tebura a gefe, shiru a ko'ina.

Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP darajar naira ta faɗi, sayen littattafai da mujallun ilimi daga waje ya gagari jami'o'i. Kantoci suka tsufa, yawan ɗalibai kuma ya yi ta ninkuwa. A wannan giɓi handawut ya samu gindin zama: malami ya tattara abin da zai koyar cikin 'yan shafuka, ɗalibi ya saya ko ya buga hoto. Daga baya kuɗin asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun harajin ilimi, ya kawo gyaran gine-gine da sababbin littattafai da ɗakunan kwamfuta a jami'o'i da dama. Amma ɗabi'ar da ta kafu a shekarun rashi ba ta tashi ba don an kawo kaya.

Abin da ke kan tebur

Abu na farko da ido ke kamawa shi ne ƙarancin littafin laburare a hannun masu zama a laburare. Tebur bayan tebur, kayan iri ɗaya ne: handawut da aka buga hotonsa har rubutun ya dushe, littafin rubutun lakca, tsofaffin tambayoyin jarrabawa, biro mai launi, robar ruwa a ɓoye a ƙasa, da waya. Yawanci handawut ɗin ma yana cikin wayar, an turo shi ta zauren WhatsApp na 'yan aji. Masu zaro littafi daga kanta su ne 'yan shekarar ƙarshe da ke rubuta furojet, da masu digiri na biyu, sai kuma ɗaliban shari'a da na likitanci, waɗanda littattafansu ke da tsada da nauyi, mallakar su ba ta kowa ba ce.

Wato mafi yawan masu shigowa kujera suka zo nema, da fitila, da fanka, da wurin da abokin ɗaki ba zai kunna waƙa ko ya ɗora girki ba. Ban ga laifi a wannan ba. Ɗakin kwanan da aka yi don mutum huɗu, yau za ka iske har da 'yan raɓe a ciki, ba wurin karatu ba ne. Sai dai yana nufin ma'aikatan da aka horar don haɗa mai karatu da littafi sun wayi gari aikinsu ya koma raba faɗa a kan kujera.

Faɗan kuwa na gaske ne. Kujerar da ta fi kowace daraja ita ce wadda ke kusa da soket mai aiki. Tun kafin a buɗe ƙofa ake layi dominta a lokacin jarrabawa. Wanda ya samu sai ya shimfiɗa littafi a kujerar kusa ya kama wa abokinsa, shi ma ya tafi lakca ya bar nasa yana gadi har azahar. A kan soket ɗaya za ka ga an jona abin ƙarin soket, an jona wani a kansa, wayoyi sun yi layi, mai su ma ba ya ɗakin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, sannan hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024, jami'o'i suka shiga tsimin wuta da na gas ɗin janareta. Duk ginin da wutarsa ta fi tsayawa, nan ɗalibai ke tururuwa. Idan wuta ta ɗauke da rana, ɗakin kan rage mutane cikin 'yan mintuna, alhali tagogin manya ne, hasken karatu bai ragu ba. Caji ne ya tsaya.

Zango ɗaya, yanayi uku

Makonnin farko laburare fayau yake. Sababbin ɗalibai kan shigo a ayari bayan an zagaya da su, su leƙa, su fita. Wasu tsirarun fuskoki ne kullum a wuri ɗaya, har masu shara sun san kujerarsu. Da an sa ranar tes sai a ga ƙaruwa ta 'yan kwanaki, ta koma. Ranar da aka liƙa jadawalin jarrabawa kuwa, ko matattakala sai ka tsallake mutane.

Wani dattijo cikin masu karɓar jaka, wanda ɗalibai ke kira Baba, ya ga wani saurayi ya shigo a guje ana saura kwana biyu jarrabawa, katin laburarensa sabo fil kamar ranar aka ba shi.

"Ɗana, yau ka san hanya?"

"Wallahi Baba abubuwa ne suka yi yawa."

"To Allah ya ba da sa'a. Amma ba a fafe gora ranar tafiya."

Saurayin ya yi dariya ya wuce. Da na tare shi daga baya, bayaninsa ba na malalaci ba ne. Ya ce malamin kwas ɗin bai fara shiga aji sosai ba sai da zango ya yi nisa, sannan ya zube musu komai cikin makonnin ƙarshe. Wannan ƙorafi na ji shi daga bakuna da yawa. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Don a cike giɓin, jami'o'i da yawa sun matse zangunan da suka biyo baya. Ɗalibin da ya shigo a wannan yanayi ya koyi cewa karatu abu ne da ake yi a guje, kuma waɗanda ya tarar a gaba haka suka nuna masa.

Yadda ake karatun kansa

Nan ne na fi daɗewa, don nan abin yake. Mutum na iya zama awa biyar a kujera, amma me idonsa da hannunsa suke yi?

Wata ɗaliba da ke zama kusa da taga a bene na farko ta isa misali, domin irin nata ne ya fi yawa. Takan buɗe handawut daga shafin farko, ta bi layi-layi tana shafa masa launin ruwan ɗorawa. Kafin ta kai ƙarshen shafi, wurin da ba a shafa ba ya fi ƙaranci. Ta kai ƙarshe, ta sha ruwa, ta duba waya, ta dawo shafin farko. A karo na uku leɓunanta na motsi, kanta na gyaɗawa, alamar komai ya zama sananne. Da na tambaye ta yadda take gane ta iya, sai ta ce, "Malam, idan na duba na ga babu abin da yake baƙo a idona, to ya zauna." Ko sau ɗaya ban ga ta kife takardar ta gwada faɗin abin da ke ciki ba.

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin wannan tarko. Sabon da ido ya yi da shafi daban, iya fito da abin da ke shafin a ɗakin jarrabawa daban. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada ɗaliban Jami'ar Washington da ke St. Louis: wasu suka yi ta maimaita karanta wani ɗan rubutu, wasu suka karanta sau ɗaya sannan aka yi ta sa su rubuto abin da suka tuna ba tare da dubawa ba. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda labari ya juya: masu maimaitawa sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu kashi 61. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne masu maimaitawar sun fi kowa tabbacin za su tuna. A 2013 kuma John Dunlosky da abokan aikinsa suka auna dabarun karatu guda goma; biyu ne suka samu babban matsayi, gwada kai da rarraba karatu a tsawon lokaci. Shafa launi da maimaita karantawa suna cikin na ƙasa. Tun 1885 ma Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna yawancin mantuwa a sa'o'i da kwanakin farko take aukuwa, kuma komawa ga abu bayan tazara na rage ta.

Wani abu ya ɗaure mini kai. Yawancin waɗannan ɗalibai sun bi ta makarantar allo ko Islamiyya, inda babu malamin da zai karɓi "babu abin da yake baƙo a idona" a matsayin hadda. Sai ka juya allo ka kawo da ka, a gyara maka inda ka yi tuntuɓe, kuma ba a wanke maka sai ya zauna. Bayan nan ga tilawa, ana komawa baya kullum don kada na jiya ya zube. Gwada kai ke nan da rarraba karatu, ba ragi. Amma da sun shigo jami'a sai su ajiye wannan a ƙofa tare da jaka, kamar karatun boko wata ƙwaƙwalwa yake shiga daban.

Ba duka ba. Akwai wani ɗalibin kimiyyar haɗa magunguna da na lura ba ya daɗewa a kujera. Zai karanta na ɗan lokaci, ya kife takarda, ya ɗauki farar takarda ya zana abin daga kansa, ya buɗe ya gwada, ya sa alama a inda ya ɓace. Daga nan sai ya fita. A gindin darbejiyar da ke bayan ginin nake samunsa, shi da abokai biyu ko uku, ɗaya riƙe da handawut yana jefa tambaya, sauran na amsawa, ana gardama, ana dariyar wanda ya kwafsa. Ya ce mini mahaddaci ne, a wurin kakansa ya yi karatu kafin ya shiga firamare. "Abin da ban faɗa da bakina ba, ban yarda na san shi ba. A ciki kuwa ko tari ka yi sai an harare ka."

Wannan magana tasa ta sa na fara zagaya wajen ginin kamar yadda nake zagaya cikinsa. A matattakalar baya, a gindin itatuwa, a barandar masallaci bayan la'asar, ƙananan ƙungiyoyi ne ke yi wa juna tambaya, wani na koya wa wasu lissafi da alli a kan siminti. Karatun da ya fi inganci a harabar laburaren, a waje ake yin sa, a tsaye ko a kan dutse, cikin ƙurar hunturu, domin dokar shiru ta kore shi daga ciki. Dokar kuwa ba ta banza ba ce. Mai rubuta furojet yana bukatar ta. Matsalar ita ce ginin gaba ɗaya doka ɗaya gare shi.

Kada a ɗora wa ɗalibai duka

Da na nuna wa wasu ɗalibai sakamakon waɗancan bincike, wani ɗan aji uku ya ba ni amsar da ban iya turewa ba. Ya ce akwai malaman da idan ka amsa da kalmominka za ka sha ƙasa, sai ka mayar musu da handawut ɗinsu kalma-kalma. Ya ce wasu tambayoyin ma ba sa canzawa, shekara biyar ka duba za ka ga su suna juyawa. A irin wannan kwas, wanda ya kwana biyu yana cusa handawut da tsofaffin tambayoyi zai iya tashi da maki 70, ya samu A, ya manta komai kafin ya isa tasha. Jarrabawar ƙarshen zango ita ke ɗauke da kashi 60 ko 70 na maki, kuma a kan matsakaicin maki ake raba darajar digiri, 4.50 ne ƙofar daraja ta ɗaya. Ɗalibi ba wawa ba ne, abin da ake biya yake nomawa. A ganina duk wanda zai yi wa ɗalibai wa'azin "al'adar karatu ta mutu" ya fara duba takardar tambayoyin da ya fitar bara.

Shi ya sa ɗakin kwamfuta na laburaren bai cika ba sai da masu furojet. Jami'o'in Najeriya na iya shiga rumbunan mujallu irin su HINARI na lafiya da AGORA na aikin gona, waɗanda aka buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi tun 2002 da 2003. Ɗalibai kaɗan ne cikin waɗanda na tambaya suka taɓa jin sunansu. Ba abin da ke tura su can kafin shekarar ƙarshe. Yanzu kuma ga ChatGPT da ire-irensa: na ga masu liƙa masa tambayar asamen su kwafe amsa, na kuma ga wata da ta sa shi ya riƙa yi mata tambayoyi daga handawut tana amsawa. Kayan aiki ɗaya, karatu biyu.

Dare

Da an rufe laburare da dare, ayari kan nufi manyan ɗakunan lakca don abin da suke kira TDB, karatu har wayewar gari. Ana zuwa da bargo, da kofi, da goro, wasu da abin sha mai hana barci. Na leƙa wasu darare. Kafin ƙarfe biyu kawuna da yawa sun kwanta a kan benci, masu ido biyu kuma shafi ɗaya suke kallo ba ya juyawa. Da asuba a tashi a yi salla, a wuce ɗakin jarrabawa da jajayen idanu. Barci na daga cikin abin da ke zaunar da karatu a ƙwaƙwalwa, don haka wanda ya hana kansa shi ya rage wa kansa abin da ya wahala a kai. Amma TDB ta zama abin alfahari. Wanda ya kwanta a gadonsa ji yake ya yi ha'inci.

Mata, musamman masu zuwa daga gari da matan aure, ba su da wannan zaɓi ko da suna so. Su ne ke cika ɗakin da hantsi da tsakanin lakca da lakca, kafin magariba sun watse. Na lura zamansu gajere ne amma wayarsu ta fi zama a jaka. Wata mai goyo ta ce mini awa biyun nan su ne nata a duk yinin, ba ta da na zubarwa.

Abin da aka yi da rahoton

Na miƙa wa shugaban sashen shawarwari kaɗan, waɗanda ba sa bukatar sabon gini. A ware ɗaki ɗaya a ƙasa inda aka yarda a yi magana, a sa allo a ciki. A ƙara soket a wani ɓangare guda don masu caji su bar masu karatu su sarara. A ɗauke kayan duk wanda ya bar kujera ya wuce wani lokaci da aka ƙayyade. Sannan a zagayen da ake yi da sababbin ɗalibai, a rage bayanin lambobin kanta a nuna musu yadda ake kife takarda a gwada kai, da misalin haddar da suka riga suka sani.

Biyu aka ɗauka. An buɗe wani ɗaki da a da ake tara tsofaffin jaridu, aka sa benci da allo. Ya cika tun makon farko, har hayaniyarsa ta fara isa ɗakin da ke samansa, sai da aka sa ƙa'idar rubuta suna da iyakance lokaci ga kowace ƙungiya. Dokar ɗauke kaya kuwa ta yi aiki 'yan kwanaki, ta jawo cacar baki tsakanin ɗalibai da ma'aikata a kan wata caja da aka ce ta ɓace, aka sassauta ta. Maganar soket tana jiran kasafin kuɗi. Batun yadda ake fitar da tambayoyin jarrabawa, shugaban ya karanta wannan sashe ya ce, "Malam, gaskiya ka faɗa, amma wannan ba a ofishina yake ba," ya sa hannu a tura kwafi ga kwamitin tsare-tsaren karatu na majalisar jami'a.